Gani ya kori ji a kasuwar na'urorin DAC masu tsada

Hausawa na cewa gani ya kori ji, wato abin da ido ya shaida ya fi ƙarfin labari. A kasuwar kayan sauti masu tsada wannan karin magana ta zama zahiri ta wata fuska da ba a so: ido ne ke korar kunne daga aikinsa. Babu inda hakan ya fi fitowa kamar wajen kwatanta na'urorin da ake kira DAC.

Aikin DAC ɗaya ne. Waƙa ko karatun da ke cikin waya ko kwamfuta lambobi ne kawai, ita kuwa lasifika ba ta jin lambobi, sai wutar lantarki mai hawa da sauka. DAC ce ke mayar da lambobin su zama wannan wutar. Tun faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wanda ya isa ya ɗauke duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, tunda ko yaro mai lafiyayyen kunne ba ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa. Kowace waya na da DAC a cikinta. 'Yar igiyar nan da Apple ya fara sayarwa dala 9 bayan ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, akwai DAC a ciki. A can sama kuma akwai DAVE ta kamfanin Chord na Ingila, da ta haura dala 10,000, da cikakken jerin Vivaldi na dCS da ke Kambirij, wanda ya wuce dala 100,000.

To, ta yaya ake gane wadda ta fi? Yawancin masu sharhi a mujallun sauti hanyarsu guda ce. Za a kawo wa mutum na'ura, ya san sunanta, ya san kuɗinta, ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya saurare ta mako biyu, sannan ya rubuta cewa muryarta ta fi ɗumi, ko fagen kiɗan ya fi faɗi da zurfi. Ba na zargin su da ƙarya. Abin da suka ce sun ji, sun ji shi. Tambayar ita ce daga ina ya fito.

Matsala ta farko ƙarfin sauti ne. Wata DAC na fitar da bolt 2, wata ta ɗan zarce. Idan ɗaya ta fi da rabin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti), kunne ba zai ce ta fi ƙara ba, cewa zai yi ta fi tsabta da cika. Shi ya sa masu gwaji na gaske ke daidaita ƙarfin na'urorin biyu har tazarar ta kasa desibel 0.1 kafin a fara sauraro. Ta biyu ita ce mantuwa: ƙananan siffofin sauti ba sa wuce 'yan daƙiƙoƙi a ƙwaƙwalwa, ballantana lokacin da za a ɗauka ana cire igiya ana jona wata. Ta uku, wadda ta fi su duka, ita ce sani. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive suka gwada ma'aikatan kamfanin Harman da lasifikoki, sau ɗaya a fili, sau ɗaya a bayan labule. Da aka yaye labule, manya masu kyan jiki da tsada suka sami ƙarin maki, har daga ƙwararrun masu sauraro. Lasifika ke nan, wadda bambancinta ba ya ɓuya. Ina ga DAC?

A 2007 Brad Meyer da David Moran na ƙungiyar masu sha'awar sauti ta Boston suka wallafa wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Sun riƙa kunna fayafayan SACD da makamantansu, waɗanda aka ce ingancin sautinsu ya fi na CD, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci a bi da sautin ta na'urar da ke rage shi zuwa matakin CD, ba tare da mai sauraro ya sani ba. Cikin gwaji 554 masu sauraro sun gane wanne ne sau 276, ƙasa da rabi kaɗan, daidai da canke. An soki binciken, kuma sukar na da tushe, domin wasu fayafayan ba a naɗe su da ingancin da aka buga a jikinsu ba. Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya haɗa bincike 18 a 2016, ya ga cewa mutane na iya bambance sautin matakin CD da wanda ya fi shi, amma da kyar, kashi 52 da 'yan kai cikin ɗari, sai dai waɗanda aka horar sun fi haka. Na yarda da wannan sakamako. Amma wannan ɗan ratan ba shi ne bambancin sama da ƙasa da ake tallatawa ba.

Wani darasin daga gobara ya zo. A watan Oktoban 2020 masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan ta ƙone, alhali kamfanoni da yawa daga can suke samun ƙwayar lantarkin da ke zuciyar na'urorinsu. An daɗe ana cewa ƙwayar AKM taushi gare ta, ta ESS ta Amurka kuma kaifi. Dole ta sa wasu suka koma ESS, ciki har da RME na Jamus, wanda ya sauya ƙwayar ADI-2 DAC ya ci gaba da sayar da ita da sunanta. Injiniyoyin rikodi suka ci gaba da aiki da ita, ba wanda ya rufe situdiyo.

Kada a ce ina nufin duk DAC ɗaya suke. Akwai masu murya tasu, da gangan aka yi su haka. Wasu masu ƙira na cire rariyar lissafi da ke tace sauti, sai sama-saman sautin ya ragu da kusan desibel 3 a girgiza 20,000. Matashi zai iya jin wannan, ya kuma so shi. Wasu na sa kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo, masu ƙara wa sauti ɗan gishiri. Wanda ya biya don wannan ɗanɗano ya sayi abin da ransa ke so, ba ruwan kowa. Inda nake ja shi ne a kira gishirin da sunan gaskiyar sauti. Rob Watts, mai ƙirar DAVE, ya gina rariya mai matakai 164,000, yana cewa ita ke gyara lokacin faɗuwar kowane bugu. Aikin injiniya ne na a yaba. Amma hujjar da za ta gamsar da ni ita ce a rufe na'urar da zane, a kawo DAC ta kamfanin Topping ko SMSL na China mai dala 200, a ga wa zai raba su.

Domin a ma'auni, waɗannan masu arahar sun riga sun tura ƙazantar sautinsu har ta kai desibel 110 zuwa 120 ƙasa da ainihin sautin. Lasifika mai kyau kan gurɓata sauti da kusan kashi ɗaya cikin ɗari idan aka ƙure ta, bangon ɗaki kuma kan ɗaga ko ya danne ƙasan sauti da desibel 10. Ba a ma zo maganar ɗakin da janareta ke ruri a bayan taga ba. Mai kuɗin da ya zuba miliyoyi a DAC ya bar ɗakinsa da tayil da gilashi, ya yi ɗinki a inda rigar ba ta yage ba.

Gwajin kuwa ba ya buƙatar ɗakin bincike. A kunna sauti guda mai girgiza 1,000, a auna fitar kowace na'ura da mitar da masu gyaran rediyo ke amfani da ita, a daidaita su. Aboki ya koma bayan labule da kwabo, ya jefa, ya jona wadda ta faɗo, ya rubuta a takarda bai ce uffan ba. Mai sauraro kuma ya faɗi wadda yake jin an jona. A yi sau 16. Wanda ya dace sau 12 ko fiye, to akwai alamar kunnensa ya kama wani abu, ya je ya biya kuɗinsa. Dillalin da ya ce kayansa sun fi ƙarfin irin wannan gwaji, a tambaye shi ko zai yarda a mayar masa da su bayan mako guda.