Golf ko Fijo? Hedimasta Zai Sayi Mota

(Wani ƙauye ne a ƙasar Gumel, inda kwalta ta ƙare aka shiga burji da yashi. Garatutin Hedimasta ya fito daga Dutse, kuma kafin kuɗin su kwana labari ya kai kunnen Dillali. Da hantsi ya jera motoci biyu masu guntun baya a gindin darbejiyar ƙofar gida: Golf 3 koriya da Peugeot 206 ja. An aika a kira Bakanike ya duba. Sauran jama'a ba wanda ya kira su, amma sun zo.)

DILLALI: Ranka ya daɗe, ga su. Wannan Bajamushiya, waccan Bafaranshiya. Jiya-jiyan nan suka sauka daga Kwatano. Wata tsohuwar Baturiya ce ke hawansu, daga gida sai asibiti.

HEDIMASTA: Duka biyun tsohuwa ɗaya?

DILLALI: Allah ya hore mata ne.

BAKANIKE: (Ya zura hannu ƙarƙashin kujerar Golf, ya fito da wani abu ƙanana baƙaƙe a tafinsa.) Alhaji, ashe a Jamus ma ana kiwon awaki.

DILLALI: A hanya iska ta shigo da shi.

HEDIMASTA: Dakata, Alhaji. Lissafi na koyar har na yi ritaya. Irin wannan Golf daga 1991 zuwa 1997 aka ƙera ta. Ko autarsu ce ka kawo min, ta girmi amaryata. Ita kuwa Fijon a 1998 aka fara yin ta. To wace ce cikinsu ta jiya-jiya?

DILLALI: Mota ai ba a tambayar shekarunta, Malam. Inji ake saurara.

BAKANIKE: In inji za a saurara, ka ɗauki Golf ka huta. Kayanta tuli ne a Ƙofar Ruwa, na Kwatano da sabo. Kai, ko nan Gumel ba za ka rasa filogi da kuloci da shokozoba ba. Yaron da ya yi wata shida a gareji ya san cikinta. In ta mace maka a daji, waya da tsinken ashana sun isa su kawo ka gida.

HEDIMASTA: Ita jar fa?

BAKANIKE: Jar tana da ƙwaƙwalwa. Duk wayoyinta a wani ɗan akwati suke haɗuwa, ranar da ruwa ya taɓa shi sai ka danna oda waifa ta amsa. Ni ba na taɓa ta, sai mai wayarin, shi ma sai na Kano da ke da kwamfuta. Sannan zo ka ga tayoyin baya. Ka ga samansu ya ɗan karkata ciki? Ƙarfen da ke riƙe da su ne ya fara cinyewa, ciwonsu ke nan na gado. Ka bi da ita gargadar nan tamu damina ɗaya, za ka ba ni labari.

DILLALI: Kai yaro, Fijo kake zagi? Tun 1975 ake harhaɗa Fijo a Kaduna. A 504 aka kai uwarka ɗakin miji!

BAKANIKE: Ka kawo 504 ɗin mana, yanzu in sa Malam ya biya.

DILLALI: To mu zo maganar mai. Injin Golf ɗin nan 1.8 ne, na Fijo 1.4. Ita sansanawa kawai take yi. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, mai hankali ba ya tambayar gudu, sha yake tambaya.

(Nan kam Dillali ya faɗi gaskiya, kuma da alama shi ma abin ya ba shi mamaki.)

HEDIMASTA: Tankin kowace lita nawa?

BAKANIKE: Golf 55, Fijo 50.

HEDIMASTA: (Ya zana lissafi a ƙasa da tsinken sakace.) Litar da a da ba ta kai naira 200 ba, har ta taɓa haura 1,000. A wajen 'yan bumburutu kuwa sai abin da suka ga dama. Ku miƙo min kujera.

(Yaro ya fito daga zaure a guje.)

YARO: Baba, wai in ji Inna, koriyar za ka saya. Wai ta leƙo ta ga jar ƙofa biyu gare ta, ita kuma da girmanta ba za ta tsaya sai an kwantar da kujera ta rarrafa baya ba.

HEDIMASTA: Ka ce mata na ji.

YARO: Kuma in ji Anti, wai jar take so. Wai koriya motar haya ce, in aka gan ta ciki a gidan biki za a ce kuɗin mota ta biya. Wai kuma a tambaya akwai na'urar sanyi?

DILLALI: Akwai! Iskar gas kawai za a ɗura.

BAKANIKE: Da kwamfuresa. Da bel. Da maɓallin kunnawa.

YARO: Wa zai zauna gidan gaba, in ji su duka.

HEDIMASTA: Mai girki.

(Yaro ya koma. Daga cikin gida aka ji ƙarar faɗuwar kwano. Ya dawo.)

YARO: Wai in ji Inna, in a hanya magariba ta yi girki ya juya fa?

HEDIMASTA: Sai in tsaya a yi canji! Tafi ka ba ni wuri.

ƊAN KAMASHO: Malam, ni da nake tasha bari in raba gardama. Golf ba ta da na biyu. Biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, a bar but a buɗe yara biyu su zauna su sako ƙafa. In an ɗaga mata baya, buhu nawa ne ba ta ɗauka? Ranar Lahadi je ka Gujungu ka ƙirga da idonka.

HEDIMASTA: Ni ba haya zan yi ba. Daga gida zuwa masallacin Juma'a, sai gona, sai Dutse in an kira tantance 'yan fansho.

MAI UNGUWA: Alhamdu lillahi, gari ya yi mota! Malam, Allah ya saka. Ka ga yanzu mai naƙuda ta huta da amalanke, ko ƙarfe biyun dare ne sai a buga maka ƙofa. Ga kai amare bayan kaka. Ga taki in damina ta matso.

SARKIN NOMA: Ranar Alhamis kuma sai Maigatari. Riɗina buhu huɗu ne kacal, ba zan takura maka ba.

LADAN: Batirinta yana ja da lasifika?

(Hedimasta ya dubi Golf, ya dubi jama'a, ya sake duban Golf. Sarkin Noma har ya buɗe but yana aunawa da taƙi. Wanda bai taɓa zama a ƙauye ba zai ce wasa suke yi.)

HEDIMASTA: Zo nan, Bakanike. Tsakaninka da Allah, wace ce ta fi kwanciya a gareji?

BAKANIKE: Jar mana.

HEDIMASTA: In ta kwanta, kwana nawa kafin kaya su zo daga Kano?

BAKANIKE: Mako guda, in an yi sa'a.

HEDIMASTA: In ba a yi sa'a ba?

BAKANIKE: Sai wata ya kama.

HEDIMASTA: But ɗinta?

BAKANIKE: Ƙarami ne. Turawa sun ce lita 245, na Golf 330. Buhu ɗaya ya shiga, sai a rufe da addu'a.

HEDIMASTA: Yashin hanyar Maigatari fa, in an yi mata lodi?

BAKANIKE: Cikinta zai dafe ƙasa.

HEDIMASTA: Alhaji, nawa ka ce jar?

BAKANIKE: Malam! Duk bayanin da na yi?

HEDIMASTA: Na ji shi sarai, shi ya sa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

MAI UNGUWA: Haba Malam, wannan 'yar mitsitsiyar me za ta ɗauka?

HEDIMASTA: Ni da mai girki.

(Jama'a suka fara watsewa ana guna-guni. Hedimasta ya ƙirga kuɗi, Dillali ya tofa yawu a yatsa ya sake ƙirgawa, ya ware la'adarsa a aljihun gaba. Sai ga Bafulatani ya ratso, janye da ɗan maraƙi.)

BAFULATANI: Aradu Malam an ce ka yi mota. Ɗan wannan ne ba ya cin ciyawa, nake so a kai shi wajen malamin dabbobi.

HEDIMASTA: Ayya, ka makara. Ƙaramar na saya, ko tunkiya ba ta shiga.

DILLALI: Wa ya ce? Ranka ya daɗe, kar ka raina kayanka a gaban mutane! Kujerar baya ai kwanciya take yi. Duba nan!

(Ya ja wani ɗan maɓalli, kujera ta kife, but ya haɗe da cikin mota. Waɗanda suka kai bakin masallaci suka juyo.)

SARKIN NOMA: A'a, to ai buhu uku za su shiga. Na huɗun sai Malam ya dawo.

BAFULATANI: Malam, kama min ƙafafun baya. A hankali, yana zawo.