Ga wani gwanin totur, ban dai kama suna ba

Wai an ce mun tsufa, mun mayar da fitar da muke yi da jerin motoci ran Lahadi a Legas rakiyar amarya. To madalla. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, don haka duk wanda ya ji gabansa ya faɗi, da shi nake.

Tun a gidan mai a Agege aka yi magana kafin a tayar da motoci: ba a wuce mai jan gaba, kowa ya bar tazara, mai tsaron baya shi ke riƙe da igiyar ja da akwatin magani. Kowa ya ce ya ji. Ana hawa gadar Third Mainland sai ga wani ya fice daga layi, ya take totur har ƙasa, yana kurɗawa tsakanin bas-bas ɗin haya na danfo da motocin masu zuwa coci, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan riƙe da waya yana ɗaukar allon gudu don 'yan Instagram su ce sai kai. Gadar nan ta kusa kilomita 12, ƙarƙashinta ruwa ne, kuma gudun kilomita 80 a awa doka ta ce. Ga matan da ke share ta da sassafe, ba abin da ke tsakaninsu da mota sai ikon Allah. Ɗaya daga cikinsu sai da ta saki tsintsiya ta manne da ƙarfen gada, hannu biyu a ka. Ban ga wannan wajen a bidiyon ba, ko cajin waya ne ya ƙare?

An samu kuɗin fasa salansa don unguwa ta san an fito, na birki ne ya gagara. Tayoyin kuwa tokunbo ne, wato na hannu, daga kasuwar kayan mota ta Ladipo, sun yi sulɓi. Ɗan'uwa, ka duƙa ka karanta lambobi huɗun nan na gefen taya, mako da shekarar da aka ƙera ta ne, sai ka ga wa ya tsufa tsakaninmu da ita.

Motar ma, Allah na tuba, ta yayansa ce. Ita kuwa kyamarar da gwamnatin Legas ta kafa a tituna ba ta san fuskar direba ba, lamba take karantawa, tarar naira 50,000 kuma mai takardu take nema. Ko an gaya masa?

Abin da ya fi ci mini rai, in 'yan LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas ko 'yan Road Safety suka tare mu gobe, ba za su ce wane ba, cewa za su yi yaran Hausawan nan masu motoci. In kuma aka kwashi mutum zuwa asibitin ƙashi na Igbobi, mu tsofaffin ne za mu yi karo-karo mu kwana a bakin asibiti, masu tafin Instagram ko kira ba za su ɗaga ba.

Fita mai zuwa Epe za mu. Za a duba taya da birki tun a Agege. Mai son zuwa akwai wuri a kujerar bayan motar Alhaji, kusa da kulolin abinci, kuma zai ɗaura bel.