Matasa, Wane Hagun Kuke Nufi?

'Yan uwana matasa, na lura da yawanmu sun fara kiran kansu masu ra'ayin hagu, wato ɓangaren siyasar da ke neman a rage tazarar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka, kuma ban ga laifin haka ba. Duk wanda ya dubi yadda wasu 'yan tsiraru suka tattare dukiyar duniya alhali miliyoyi na kwana da yunwa, ransa bai sosu ba, to ya binciki zuciyarsa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zaɓen aƙidar. Yaro zai ga hoton Che Guevara da hularsa, ko ya saurari wani guntun jawabin Thomas Sankara a waya, gobe ka ji ya ce shi ɗan gurguzu ne. Ka tambaye shi wa zai mallaki masana'antu a ƙasar da yake mafarki, sai ya hau kame-kame. Ka tambaye shi me za a yi da wanda ya ce bai yarda ba, sai ya ce kai ɗan koren 'yan jari-hujja ne.

Kafin ka ɗauki suna, ka fara sanin abin da ke ci maka rai a wannan tazara da ke tsakanin masu shi da marasa shi. Mu ɗauki masana'antar takalma guda: mai ita mutum ɗaya, ma'aikata ɗaruruwa. An tashi da yamma, ga wata mata ta fito, yatsunta duk sun bushe da gam, albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata, ɗanta na kwance babu kuɗin asibiti. Mai masana'antar ya wuce ta a mota, gilashi a rufe. Mutum uku za su ga wannan, duk ransu ya ɓaci, amma kowa da abin da ya ɓata masa rai.

Na farko yaron da ke kwance ne ya dame shi. Da matar na samun albashin da zai ishe ta, asibiti da makaranta ba sa gagarar ta, fansho na jiranta, motar maigidan ba za ta hana shi barci ba. In haka kake, gidanka shi ne na waɗanda ake kira soshiyal dimokurat: a bar kasuwa ta yi aikinta, a karɓi haraji mai nauyi, a ƙarfafa ƙungiyoyin ƙwadago. Da wannan tunani gwamnatin Leba ta Clement Attlee ta kafa tsarin lafiya na kyauta a Birtaniya a 1948, da shi kuma jam'iyyar SPD ta Jamus ta ajiye Markisanci, wato aƙidar Karl Marx, a taronta na Bad Godesberg a 1959. A Suwidin masu wannan ra'ayi sun riƙe mulki kusan ba yankewa daga 1932 zuwa 1976. Sai dai ka san abin da za ka biya. Harajin ba na attajirai kaɗai ba ne. Harajin sayayya a Suwidin da Denmak kashi 25 cikin 100 ne, direba da likita duk suna biya. Tsarin kuma ba ya tsayawa sai da gwamnatin da ta iya tattara kuɗi da ma'aikatan da ba sa wawure su. Sannan Suwidin ɗin nan da ake yabo ta soke harajin gado a 2004, ta soke na dukiya a 2007, kuma duk da albashi bai yi nisa da juna ba, manyan kadarori na hannun iyalai kaɗan. In abin da ke ƙona maka rai shi ne a haifi wani a kan biliyoyi, wannan gida ba zai gamsar da kai ba.

Na biyu cewa zai yi: wa ya ɗinka takalman? A wurinsa ribar da ta sayi motar, gumin matar nan ne da ba a biya ta ba, don haka ko an ninka albashi zaluncin na nan muddin masana'antar ta mutum ɗaya ce. Wannan shi ne ginshiƙin abin da Karl Marx ya kawo, kuma mai wannan ra'ayi ne ya cancanci ya ce shi ɗan gurguzu ne. Amma fa nan ne hanya ta rabu, kuma nan nake so mu daɗe. Ta yaya za a karɓi mallakar, da ƙuri'a ko da bindiga? In an karɓa, wa zai riƙe?

'Yan juyin juya halin Rasha da ake kira Bolshebik, a ƙarƙashin Lenin, sun amsa a 1917. A watan Janairun 1918 majalisar da jama'a suka zaɓa ta zauna, Bolshebik ba su da rinjaye a cikinta, sai suka rufe ta bayan zama ɗaya. Rosa Luxemburg, wadda ita ma 'yar juyin juya hali ce ba 'yar lallashi ba, ta gargaɗe su daga kurkuku a Jamus cewa 'yancin da aka keɓe wa magoya bayan gwamnati kawai ba 'yanci ba ne. Ba a saurare ta ba. Gaskiya ne Tarayyar Sobiyet ta yaƙi jahilci, ta gina masana'antu cikin ɗan lokaci, haka Kyuba ta yi gagarumin yaƙi da jahilci a 1961. Gaskiya ne kuma tilasta wa manoma haɗa gonaki ya jawo yunwar 1932 zuwa 1933 da ta kashe miliyoyi a Yukiren da Kazakistan, yunwar da ta biyo shirin Mao a Sin daga 1958 ta kashe gomman miliyoyi. Waɗanda suka mutun nan talakawa ne, su ne aka ce an yi juyin dominsu. Ɗan uwa, in ka ɗauki wannan tuta kana cewa duk ƙarya ce ta Turawan Yamma, ba ka shirya ba. Ka faɗa mana abin da za ka yi daban, musamman ranar da jama'a suka ce sun gaji da kai.

Masu son gurguzu ta hanyar ƙuri'a su ma kada su yi dariya. Salvador Allende ya ci zaɓe a Chile a 1970, ya mayar da ma'adinan tagulla hannun gwamnati, a ranar 11 ga Satumban 1973 sojoji suka kifar da shi, Janar Pinochet ya hau mulki. Masu dukiya ba sa miƙa ta don kawai an kayar da su a akwati, kuma tambayar da ke kanka ita ce yadda za ka tsaya ba tare da ka koma irin abin da kake yaƙa ba.

Na ukun shi ko motar bai kalla ba. Abin da ya gani shi ne matar nan ta yini tana karɓar umarni, ba ta da bakin magana a wurin da take ƙarar da ƙuruciyarta. Ko gwamnati ta ƙwace masana'antar, in ji shi, manaja ne dai zai ci gaba da yi mata tsawa, hula kawai aka sauya. Mikhail Bakunin, ɗan Rasha mai adawa da kowace irin gwamnati, wanda aka kora daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya a 1872, ya soki Marx da cewa ma'aikacin da ya hau kujerar mulki ya daina zama ma'aikaci. Masu irin wannan kallo sun fi karkata ga ƙungiyoyin haɗin gwiwa, inda ma'aikata ne masu kamfanin. Mondragon a yankin Basque na Sifaniya ta faro a 1956, yau tana da dubban ma'aikata masu zaɓen shugabanninsu. Jamus ma, ba tare da ta bar jari-hujja ba, ta yi doka a 1976 cewa kamfani mai ma'aikata sama da 2,000 sai ya ba su rabin kujerun majalisar da ke sa ido a kansa. Amma kasuwa ba ta san tausayi ba: Fagor, kamfanin kayan wuta na Mondragon, ya durƙushe a 2013 duk da ma'aikata ne masu shi.

Akwai masu tsoron cewa hagu na nufin barin addini. Marx dai bai yarda da addini ba, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma limamin Katolika ne ya assasa Mondragon, Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, shi ma mai riƙo da addininsa ne. Shi Nyerere darasinsa na wani wuri daban. Ya ƙaddamar da Ujamaa, tsarinsa na gurguzu irin na Afirka, a Arusha a 1967, ba wanda ya zarge shi da sata, karatu ya yaɗu a Tanzaniya a zamaninsa. Da manoma suka yi jinkirin komawa ƙauyukan haɗin gwiwa, daga 1973 aka fara kwashe su da ƙarfi, noma ya ja baya. Kyakkyawar niyyar shugaba ba ta hana manomi sanin gonarsa fiye da jami'in da aka turo daga birni ba.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ba dole ne ka shiga gida ɗaya ka kulle ƙofa ba. Mutum na iya son asibitin gwamnati, ya so kamfanin ma'aikata, ya ƙi jam'iyya ɗaya tilo. Abin da ba zan yafe mana ba shi ne wannan ɗabi'a ta zagin juna, wanda ya ce a yi gyara a kira shi maci amana, wanda ya ce a yi juyi a kira shi mahaukaci. An taɓa yin haka a Jamus. A farkon shekarun 1930 'yan kwaminis sun ɗauki SPD a matsayin babbar maƙiyiya, suna kiran 'ya'yanta 'yan fasist masu rigar gurguzu, SPD ma ba ta yarda da su ba. A zaɓen Nuwamban 1932 ƙuri'un jam'iyyun biyu in an haɗa sun fi na 'yan Nazi. A Janairun 1933 Hitler ya hau, kafin rabin shekarar ya wuce an murƙushe su duka biyun, an rufe ƙungiyoyin ƙwadago, shugabanninsu wasu na tsare wasu sun tsere daga ƙasar.