Lauyar ƙirƙira da aikin da ba a biyanta

A Amurka, lauyoyin da ke kare haƙƙin masu ƙirƙira suna cikin masu samu sosai. Sai wanda ya karanta kimiyya ko injiniyanci ake bari ya zauna jarrabawar ofishin rajistar ƙirƙira da ke Alexandria, a jihar Virginia. Takardar da zai samo wa kamfani tana hana kowa kwaikwayon abin da ya ƙera har shekara 20. A Najeriya kuwa dokar 1970 muke aiki da ita, ana yi wa ƙirƙira rajista a Abuja ba tare da an tantance ko sabuwa ce ba.

A garin da nake zaune a Amurka akwai wata lauya mai wannan sana'a, iyayenta 'yan Asiya ne da suka yi hijira. Da rana tana kan takardun batura da manhajoji. Da yamma tana zama da matasa 'yan Asiya masu neman jinsi ɗaya, kyauta. Wani iyayensa sun kore shi, wata an sallame ta daga aiki, wani yana neman mafaka don yana tsoron komawa ƙasarsu. Ƙungiyar lauyoyin Amurka tana so kowane lauya ya ba da awa 50 a shekara ga marasa hali, kuma tun 2020 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba a korar ma'aikaci saboda neman jinsi ɗaya.

Gidajen da yaran nan suka fito sun yi kama da namu ƙwarai: kunya, sunan gida, da "me mutane za su ce". Dokar da Indiya ta daina hukunta masu neman jinsi ɗaya da ita a 2018, sashe na 377, Turawan Ingila ne suka bar musu ita.

Mu kuma a Janairun 2014 aka sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga mai tallafa wa ƙungiyoyinsu. A watan nan ne jama'a suka yi ta jifan wata kotun shari'ar Musulunci a Bauchi ana tsaka da sauraron irin wannan ƙara. Wane lauya ne zai fito da sunansa a irin wannan hali?

Ni Musulmi ne, na san abin da malamanmu suka karantar, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ake zargi, ko da me ake zarginsa, ɗan wani ne, kuma kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya ba shi damar samun lauya da shari'a ta adalci. Zargi kaɗai kan kashe mutum a unguwa, wani lokaci ma sharri ne na maƙiyi. Ina so in ga lauyan Kano ko Kaduna da ya ƙoshi da shari'ar filaye da kamfanoni ya iya tsayawa wa irin wannan mutum a kotu, ya koma gida lafiya, makwabta su amsa masa sallama.