Shago naka, suna na Balarabe: dabarar nan ta tsufa

Akwai wani Alhaji abokin mahaifinmu da ya shekara kusan 20 yana da shagon turare da jallabiyoyi a Jidda, can wajen Balad inda alhazai ke zuwa sayen tsaraba kafin jirginsu ya tashi. Shi ya zuba kuɗinsa, shi ke zuwa sari, shi ke buɗewa ya rufe, amma takardar rajistar shagon, wadda su can suke cewa sijil, sunan wani Balarabe ne a jiki, a igamar Alhajin kuma, wato takardar izinin zamansa, an rubuta shi ma'aikaci ne kawai. Duk wata yana miƙa wa mutumin abin da suka yanka, kuma tsakani da Allah mutumin kirki ne, bai taɓa cin masa ko riyal ɗaya ba. Sai Allah ya yi wa Balaraben rasuwa. 'Ya'yansa suka zo rabon gado suka tarar da shago cike da kaya da asusun banki da sunan ubansu, to me kake so su yi? Alhaji ya dawo gida da akwati biyu.

Na ce masa, "Baba, me ya hana ka kai ƙara?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, in je in ce wa alƙali me? In ce shekara 20 ina karya musu doka?"

Gaskiyarsa. Abin da ya yi a Saudiyya sunansa tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa, kuma dokar da suka sabunta a 2020 ta ce hukuncin zai iya kai wa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, a ƙwace dukiyar, a rufe shagon, baƙon kuma a kore shi. Har lada suka sa, wanda ya tona asiri yana iya samun kashi 30 cikin 100 na tarar. Sun ba da wa'adi kowa ya zo ya gyara takardunsa, wa'adin ya cika tun Fabrairun 2022. Ka ga kenan yaron shagonka da kuka yi sa'insa da shi jiya ma ya isa ya kai ka ƙasa.

Abin da ke damuna da mu shi ne, da mun ga Balarabe ya ce salamu alaikum, mun yi sallah sahu ɗaya, sai mu saki jiki mu ce ai ɗan'uwa ne Musulmi, maganar takarda ma kunya muke ji, wai kar ya ga kamar ba mu yarda da shi ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Su Larabawan nan da muke jin nauyinsu ba sa wasa da rubutu ko kaɗan, haya ma sai an yi mata rajista. Mu ne dai muke ɗaukar miliyoyi mu ɗora a kan "wallahi Alhaji kar ka damu."

A Dubai ma da haka abin yake, sai dai can doka ce da kanta ta ce in za ka buɗe kamfani a cikin gari dole ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51, kai mai kuɗin ka riƙe 49. Sai a yi wata takarda ta bayan fage wai shi suna kawai ya bayar, ana biyan shi duk shekara, ranar da rigima ta tashi kuma a ga takardar bayan fagen ba lallai kotu ta kalle ta ba. To wannan ya wuce. Tun Yunin 2021 baƙo yana iya mallakar kamfaninsa gaba ɗaya a mafi yawan sana'o'i, ban da wasu da suka ware irin na tsaro da banki. Katar ta riga su da dokarta ta 2019. Amma har yau za ka ji ɗan kasuwa yana cigiyar wanda zai ara masa suna a Dubai, saboda labarin da yake da shi na zamanin da babansa ke zuwa Deira sarin gwal ne.

Haka maganar wai Dubai ba haraji. Da ne. Harajin kaya na kashi 5 ya shigo tun Janairun 2018, harajin ribar kamfani na kashi 9 ya fara Yunin 2023 a kan ribar da ta haura dirhami 375,000. Saudiyya harajin kayanta ya koma kashi 15 a 2020, kuma kason baƙo a kamfani kashi 20 ake cira daga ribarsa, shi ɗan ƙasa zakka yake biya. Su yankunan nan na musamman na kasuwanci irin Jabal Ali na Dubai da aka buɗe a 1985 suna da sauƙinsu, amma lasisinsu ba ya ba ka damar shiga gari ka yi ta sayarwa yadda ka ga dama sai da ƙarin izini ko ka bi ta hannun wani. Dillalan da ke tallar lasisi a WhatsApp ba sa faɗin wannan.

Sai maganar cak na banki. Ɗan kasuwarmu zai karɓi kaya bashi ko ya kama haya, a ce ya bar cak na jingina, ya sa hannu ko adadi bai rubuta ba. A da in cak ya dawo ba kuɗi a Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke ciki, 'yan sanda ne da kurkuku. Daga Janairun 2022 an sassauta wannan, shi ya sa wasu suka ɗauka an yafe, alhali yanzu cak ɗin kansa ya zama kamar hukuncin kotu, mai shi zai wuce kai tsaye wajen alƙalin zartarwa, a riƙe asusunka, a iya hana ka fita ƙasar. Sai ka je filin jirgi da tikitinka a hannu ka ji labari.

Inda na fi so masu manyan harkoki su tsaya su duba shi ne shafin ƙarshe na kwantiragi, wanda kowa ya gaji kafin ya kai gare shi. Nan ake rubuta wace kotu za a je in an saɓa, da dokar wace ƙasa. Kotunan cikin gari da Larabci suke aiki, in kwantiragi na da Turanci da Larabci gefe da gefe to Larabcin ne zai yi magana a gaban alƙali, kai kuma Turancin ka karanta, ko ma shi ɗin wani ne ya karanta maka. Kuma kar wani ya ce ai na yi Islamiyya, Larabcin lauyoyi daban ne da na Ahalari. A Dubai akwai kotunan DIFC, wato na cibiyar hada-hadar kuɗi ta garin, masu aiki da Turanci bisa tsarin shari'ar Ingila irin wanda lauyoyin Najeriya suka sani, kuma tun 2011 ɓangarori biyu na iya zaɓar su in sun rubuta hakan. Ko a zaɓi sulhu wajen masu sasanci, tunda Najeriya da Saudiyya da Daular Larabawa duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958 wadda ke sa a zartar da hukuncin sasanci na wata ƙasa. Amma in ka rubuta cewa wanda ya yi jinkirin biya zai biya ruwa, a Saudiyya ka ɓata tawadarka ne, ba za su zartar da riba ba. Su ma sai a 2023 suka fitar da rubutacciyar dokar mu'amala mai sashe sama da 700, kafin nan alƙali littattafan fiƙihu yake komawa, galibi na Hambaliyya, alƙalai biyu su iya ba ka hukunci biyu. Wannan gyara ne babba, ni a ganina ya fi duk dogayen gine-ginen da ake nuna mana muhimmanci ga mai zuba jari.

Masu fitar da riɗi da citta da zoɓo kuma su yi hattara da kalmar wakili. In ka naɗa mutum wakilinka a Daular Larabawa ya je ya yi rajista a ma'aikatar tattalin arziki, yankin ya zama nasa, ko wani ya sayar da kayanka yana da kamasho, yana iya sa a tare kayan a kwastan. Dokar 1981 ta sa rabuwa da wakili ta fi sakin aure wuya, ta 2022 ta ɗan sassauta amma ba ta sake ka gaba ɗaya ba.

Na san abin da za a ce min, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce malam kana maganar manya ne, mai shagon turare ina zai samu kuɗin bin doka? Haka ne, an daɗe a Saudiyya ana neman jarin riyal miliyan 30 kafin baƙo ya samu lasisin saye da sayarwa nasa shi kaɗai, kuma akwai 'yan'uwanmu da aka haifa a Makka, iyayensu ma can aka haife su, ba su da takardar zama 'yan ƙasa, ba su san wata sana'a ba sai wannan. Dokar ta fi danne su, ban musa ba, kuma ba na ganin laifinsu kamar yadda nake ganin na mai kuɗin da ya taso daga gida da idonsa biyu. Shi wannan yana da zaɓi. In ƙarfinsa bai kai ba ya yi sari ya loda kwantena ya dawo Kantin Kwari ya sayar, ribar ba ta kai ta mai shago a can ba amma uwar kuɗin tana hannunsa. Saudiyya ta fara aiki da sabuwar dokar zuba jari a Fabrairun 2025 wadda ta ce baƙo da ɗan gida daidai suke, sai mu ga ko za ta sauko har kan ƙananan 'yan kasuwa.

Kwanan baya ɗan Alhajin nan ya turo min wata talla, wani dillali na cewa zai haɗa shi da Balarabe mai amana a Dubai da zai tsaya masa a buɗe kamfanin kayan waya, kuɗin suna duk shekara. Na ce ya tambaye shi wace doka ce ta ce sana'ar kayan waya na buƙatar ɗan ƙasa a yanzu, ya turo lambarta. Sati uku kenan, saƙon ya nuna an karanta, dillali bai amsa ba.