Ku Sauke Wayar Nan, Ku Kalli Wasa

'Yan'uwana matasa, a 'yan makonnin nan sau uku na fita kallo: wasan kwaikwayo na dandamali, fim a silima, sai wasan mawaƙan rok da gangunansu da jitocinsu. Duk inda na zauna, waya ce ta tare min gaba.

A wajen mawaƙan abin ya fi muni. Ana kaɗa jitar farko hannuwa suka tashi sama, kowa da wayarsa. Saurayin da ke gabana bai sauke hannu ba har aka tashi. Ya biya kuɗin shiga, ya sha layi, ga mawaƙi a gabansa yana zuba gumi, shi kuwa ta gilashin da bai kai tafin hannu ba yake leƙensa. Ni ma, kada in yi ƙarya, na ɗauki waƙa biyu. Da na kunna washegari, ihu ne kawai da ƙarar da ta fi ƙarfin makirfon waya. Ko rabi ban kalla ba na goge.

Wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, Linda Henkel, ta zagaya da ɗalibai gidan kayan tarihi, ta sa suka ɗauki hoton wasu abubuwa, wasu kuma suka tsaya a kallo kawai. Waɗanda aka ɗauki hotonsu su aka fi mantawa. Ka miƙa wa waya amanar tunawa, ƙwaƙwalwa sai ta naɗe hannu.

A dandamali kuwa cutarwa ce tsagwaronta, domin ɗan wasa yana ganinka. A 2015 ɗan wasan Birtaniya Benedict Cumberbatch, lokacin da yake wasa a zauren Barbican na Landan, sai da ya fito waje bayan an tashi ya roƙi masoyansa su daina ɗaukarsa, saboda jajayen fitilun kyamara da yake hangowa suna dagula masa hankali. Mutum ya yi watanni yana haddace magana, kai kuma ka dalle masa fuska da haske! Mawaƙin rok na Amurka Jack White bai tsaya roƙo ba: a rangadinsa na 2018 cikin 'yar jaka ake kulle wayar kowa, sai mutum zai fita a buɗe masa.

Ta silima gajeriya ce. Duhun nan da gangan aka yi shi, waya ɗaya ta haska ta ɓata wa sahu guda kallo.

Wani ƙanena da muka je wasan kwaikwayon tare, tun ba a kai tsakiya ba ya wallafa cewa wasan ya burge. Da muka fito na tambaye shi me ya sa uwar ta ƙi buɗe wa ɗanta ƙofa a fitowa ta ƙarshe. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, wace ƙofa?"