Bikin kanibal a Italiya ba na Benis kaɗai ba ne

Da an ambaci bikin kanibal na Italiya, wato shagalin da ake yi a tituna duk shekara, sai hankali ya koma birnin Benis da masu rufe fuska cikin ado, kamar can kaɗai ake yinsa. Sam. A garuruwan lardin Abelino da ke kudu, irin su Merkoliyano, wasan Zeza ake yi a tsakiyar titi kafin Kiristoci su shiga azumin kwana 40. A wannan wasan kwaikwayon, wani mai suna Pulcinella ya hana 'yarsa auren Don Nikola, matarsa Zeza kuwa ta tsaya kai da fata sai an ɗaura. Komai cikin waƙa, kuma maza ne ke fitowa a matsayin mata, har da amaryar. Ni wannan ya fi burge ni, domin 'yan gari ne ke yi wa junansu.